Ƙirga Kalmomi a Manhaja Bai Isa Awo Ba

Assalamu alaikum, masu kallo. Ana ta yawo da hotunan manhajojin jami'o'i a WhatsApp, an ja layi ƙarƙashin duk inda aka rubuta "ci gaba mai ɗorewa", sai a ce jami'ar da ta fi yawan layuka ita ce ta fi koyar da shi.

Asalin maganar shi ne muradu 17 na ci gaba mai ɗorewa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Satumba 2015. Sashe na 4.7, a ƙarƙashin muradi na huɗu da ya shafi ilimi, yana son kafin 2030 kowane ɗalibi ya san yadda ake raya ƙasa ba tare da an cinye rabon jikoki ba, ya kuma san haƙƙin da ke tsakaninsa da sauran mutanen duniya. Wurare huɗu ake dubawa: manufofin ilimi, manhaja, horon malamai da jarrabawa. UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar, ce ke tattara bayanan, amma ƙasashe ne ke cika takardar tambayoyin da kansu, kamar dai ɗalibi ya gyara takardarsa ta jarrabawa.

Ƙirga kalmomi yana da nasa amfani. A 2021 UNESCO ta duba takardun ilimi na ƙasashe kusan 50, ta tarar fiye da rabinsu ba su ambaci sauyin yanayi ba. Irin wannan ƙirga yana nuna inda aka yi shiru, amma ba ya tabbatar da cewa inda aka ambata an koyar, kuma a nan ne mutane ke ruɗewa.

To, ga abin da ya kamata a duba a manhaja. A tsarin LMD (lisans, masta, dokta) da jami'o'inmu ke bi, har da Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram, lisans, wato digiri na farko, kredi 180 ce, talatin a kowane zango; kredi kuwa ma'aunin nauyin darasi ne. Saboda haka abin tambaya na farko shi ne kredi nawa aka ba darasin daga cikin 180, kuma dole ne ko zaɓi, domin darasin zaɓi mai kredi biyu da aka ajiye ranar Asabar da yamma, kowa ya san yadda ɗakin yake cika.

Daga nan sai a nemi takardun jarrabawa na shekarun baya, kuma a ganina wannan ya fi komai muhimmanci, don ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Idan tambayar ita ce "kawo ma'anar ci gaba mai ɗorewa", hadda aka auna. Idan kuwa aka ce masa ga gona a yankin Matamaye, manomi ya bar gawo yana tsirowa ta hanyar sassaben zamani, ya bayyana abin da hakan ke yi wa ƙasa da amfanin gero, sannan ya faɗi wanda ke da ikon saran itacen da rigimar da ke iya tasowa da makiyaya, to an auna tunani. Malamin da ke koyar da ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, yana bayyana dalilin da dutsen da garin nan yake kai ya sa ake jawo ruwan sha daga nesa, yana iya ƙare shekara bai furta kalmar "ci gaba mai ɗorewa" ba ko sau ɗaya, alhali ita yake koyarwa. Masu jan layi sifiri za su ba shi.

Ɓangaren zama ɗan duniya, wato sanin haƙƙin sauran mutanen duniya, ya fi wuyar aunawa, tunda hali ne. Abin da ake iya dubawa shi ne aikin ɗalibi: rahoton staj (koyon aiki), kundin kammala karatu, da ko yana iya kawo hujjar wanda yake saɓani da shi cikin adalci, misali a kan tafiya ci-rani ta Agadas.

Akwai ma'aunan waje, irin su Sulitest mai gwada sanin ɗalibai ta intanet, da jerin jami'o'i kan waɗannan muradu da mujallar Times Higher Education ta fara a 2019, wanda ya dogara da bayanan da jami'o'i suka aika da kansu. Jami'ar da ba ta aika komai ba, ba za ku ga sunanta a jerin ba, ko da malamanta sun shekara suna kai ɗalibai Gure don auna tudun rairayi.