Gidan Gahawar da Ba Ya Da Ƙaramin Kofi

Masu saurare, barkanmu da warhaka.

Duk wanda tafiya ta taɓa biyawa da shi ta filin jirgin saman Dubai ko Jidda ko Landan, haka ma ɗalibanmu da ke karatu a Alƙahira da Kuala Lumpur, da wuya a ce ba su ci karo da manyan gidajen sayar da gahawa ba, musamman Starbucks, kamfanin Amurka mai rassa kimanin dubu 40 a duniya. A yawancin rassansa, idan mutum ya ce a ba shi ƙaramin kofi, sai ma'aikaci ya maido masa da tambaya: tall ke nan? Tall da Ingilishi dogo ne. Na tsakiya sunansa grande, wato babba da Italiyanci. Na gaba da shi venti, ashirin ke nan da Italiyancin. Ɗaya an raɗa masa suna da tsayi, ɗaya da girma, ɗaya da lamba, kuma a cikin ukun babu wanda ya yarda shi ƙarami ne.

Mutane kan mai da abin raha, su ce iyayi ne irin na 'yan birni. Iyayin na nan, ba musu. Amma akwai lissafi a bayansa, kuma lissafin ne ya sa na ɗauko zancen yau.

An buɗe Starbucks a birnin Seattle a 1971, kuma da farko 'ya'yan gahawa gasassu yake sayarwa, mutum ya tafi gida ya dafa abinsa. Howard Schultz ya kama aiki da su a 1982. Da shekara ta zagayo ya je Milan, ya ga yadda Italiyawa ke tsayawa a bakin kanta su kurɓi tatacciyar gahawa mai ƙarfi da ake kira espresso, su yi gaba. Abin ya shiga ransa. Masu kamfanin ba su karɓi shawararsa yadda yake so ba, sai ya fita ya buɗe nasa shagon mai sunan Italiyanci, Il Giornale, kafin a 1987 ya dawo ya saye Starbucks ɗin a kan dala miliyan 3.8. Daga nan sunayen Italiyanci suka samo asali. Abin dariyar shi ne, su Italiyawan ba su san wani abu wai shi venti a gidan gahawa ba. Espresso ɗinsu bai fi mililita 30 ba, kuma sai a 2018 kamfanin ya buɗe shagonsa na farko a ƙasar.

A farkon lamari sunayen suna da ma'ana. Akwai short, wato gajere, mai cin mililita 240. Akwai tall mai 355. Gajere da dogo, kowa ya gane. Aka ƙara grande mai 473. A shekarun 1990 venti ya shigo da mililita 590, kuma a nan ne aka yi abin da ya rikita komai: aka cire gajeren daga allon farashi. Dogon da aka sa wa suna saboda ya fi gajere tsayi, shi ya koma ƙaramin gidan. A 2011 kuma aka kawo trenta don abin sha mai sanyi, wanda ya doshi lita guda.

To amma gajeren bai mutu ba. A Amurka an ci gaba da ajiye kofinsa a bayan kanta, kuma wanda ya san da shi ya tambaya, za a ba shi a kan farashi mai rahusa. Masanin tattalin arziki ɗan Ingila Tim Harford ya yi rubutu a kan wannan a 2006, inda ya nuna cewa tatacciyar gahawar da ke cikin gajeren daidai take da ta cikin dogon. Bambancin madara ne kawai. Ya kuma tuna wa masu karatu da bayanin wani injiniyan Faransa na ƙarni na 19 mai suna Dupuit, wanda ya lura cewa kamfanonin jirgin ƙasa kan bar taragon talakawa ba rufi, ba don kuɗin rufin ya gagare su ba, sai don kada mai halin biyan tarago na biyu ya yi sha'awar shiga na uku. Mai sayarwa ba ya son rasa mai ƙaramin ƙarfi, amma ba ya son mai kuɗi ya ga hanyar arha. Mafita ita ce a ajiye abu mai arha inda sai wanda ya nema zai same shi.

Wannan batu na madara ya kamata mu ɗan tsaya a kansa, don nan ne mai saye ya fi yin asara ba tare da ya sani ba. A tsarin da kamfanin ya daɗe yana bi a Amurka, gahawa mai madara da ake kira latte tana ɗaukar awo ɗaya na espresso a gajeren kofi, awo ɗaya a tall, awo biyu a grande, awo biyu kuma a venti mai zafi. Ma'ana, wanda barci ya dame shi ya ce bari ya sayi mafi girma don idonsa ya buɗe, bai ƙara ko ɗigon gahawa a kan mai grande ba. Ya ƙara madara, idan akwai zaƙi an ƙara masa zaƙi, ya ƙara kuɗi. Gahawar ma sai ta fi salamcewa, tunda ruwan ya yi mata yawa. Sunan kofin bai gaya masa ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Ga kamfani kuwa, ribar a fili take. Kuɗin hayar shago ɗaya ne ko ƙaramin kofi aka sayar ko babba. Albashin ma'aikaci ɗaya ne, wutar lantarki da injin ma haka. Abin da babban kofi ke ci a kan ƙarami ɗan ƙarin madara ne da ɗan ƙarin takarda. Saboda haka mafi yawan ratar da ke tsakanin farashin biyu riba ce. Shi ya sa ake shirya farashin yadda tsallakawa daga wannan kofi zuwa na gaba zai zama kamar ba komai ba, har mutum ya ji kamar wauta ce ya tsaya a ƙarami.

Masana halayyar masu saye sun daɗe da gano wani abu game da mu. Idan aka jera mana abu uku, mukan guje wa na farko da na ƙarshe, mu kama na tsakiya. Itamar Simonson ya yi bayanin haka a 1989, daga baya shi da Amos Tversky suka faɗaɗa shi. Ba ma son a ce mun yi rowa, ba ma son a ce mun yi haɗama. A 2008 wasu masu bincike, ciki har da Joel Huber na jami'ar Duke, suka gwada abin a kan kofunan lemo, suka ga cewa da zarar an cire mafi ƙanƙanta daga jerin, sai mutane su matsa sama, har waɗanda da ma ba shi suke saye ba. Tsakiyar ce ta gusa, su kuma suka bi ta. Aradhna Krishna ta jami'ar Michigan da abokiyar aikinta sun ƙara da cewa idan aka liƙa wa babban abu sunan ƙarami, mutane kan ci da yawa, kuma su tashi suna ganin kaɗan suka ci.

Wanda ke son ganin wannan ƙuru-ƙuru ya dubi Kanada. A watan Janairun 2012 kamfanin Tim Hortons ya shigo da sabon babban kofi mai mililita kusan 710, ya kuma sauke sunayen sauran da mataki ɗaya-ɗaya. Tsohon babba ya koma matsakaici, tsohon matsakaici ya koma ƙarami. Kamfanin ya sanar da canjin, kuma bai ƙara farashin kowane awo ba. Amma direban da ya saba tsayawa kowace safiya ya ce a ba shi matsakaici, idan bakinsa bai sake ba, ya tashi daga mililita kusan 300 zuwa sama da 400, da farashin da ya dace da hakan. Nan ba a ma buƙaci Italiyanci ba. A Ingila kuwa, gidan gahawa na Costa ya yi shekaru yana kiran nasa kofunan da sunayen Italiyanci: primo da medio da massimo.

Sai kuma tambayoyin bakin kanta. A ƙara girma? A sa ƙarin awo? A zuba zuma-zuman nan mai ƙamshi? Ba za a haɗa da ɗan burodi ba? Kowace tambaya da kuɗinta, kuma ana yin ta ne a lokacin da mutum yake tsaye, layi na bayansa, sunayen da ke kan allo ba su zauna masa a baki ba. Baƙo musamman, wanda ke jin nauyin a ga kamar bai waye ba, sai ya ce to kawai don a wuce wurin. Ina roƙon masu saurare kada su huce a kan yaron ko yarinyar da ke bayan kanta. Ba su suka raɗa sunayen ba, ba su suka tsara tambayoyin ba. Aikin da aka koya musu suke yi, a tsaye tun safe, kuma su ne ke shan baƙar maganar wanda ransa ya ɓaci. Wanda ya tsara abin yana ofis, ba ya jin ko ɗaya.

Shin wannan zamba ce? Kotunan Amurka sun taɓa duba makamancin haka. A 2016 an kai Starbucks ƙara cewa ƙanƙara na cinye wuri mai yawa a kofin abin sha mai sanyi, har abin da ake sha bai kai awon da aka tallata ba. Wani alƙali a California ya kori irin wannan ƙara, yana mai cewa ko yaro ya san idan aka sa ƙanƙara a kofi ruwan zai ragu. Wata ƙarar kuma ta ce ba a cika kofin latte. Ita ma a 2018 aka yi watsi da ita, bisa hujjar cewa kumfar madara tana cikin lissafin awo. Ni ma ban kira shi zamba ba. A kasuwar hatsi mun san mai buga gindin mudu don ya tauye awo, mun kuma san matsayinsa a addini da a idon jama'a. Wannan bai taɓa mudu ba. Ya dai tura ƙaramin ƙarƙashin tebur, ya sake wa sauran suna, ya bar ka ka yi wa kanka ciniki. Doka ba ta kama shi ba, amma ba zan ce ya yi wa mai saye adalci ba.

Abin bai tsaya a aljihu ba. A 2016 ƙungiyar Action on Sugar ta Birtaniya ta auna abubuwan sha masu zafi na manyan gidajen gahawa, ta samu wani na Starbucks, a kofin venti, ɗauke da sukari cokalin shayi 25. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tana ganin ya fi kyau babban mutum ya tsaya a kusan cokali 6 a yini. A ɗaya gefen, baƙar gahawa da aka tace ba madara ita tana ƙaruwa da girman kofi, har venti ɗaya kan kai wajen miligiram 400 na sinadarin kafeyin, wanda shi ne iyakar da hukumomin abinci na Amurka da Turai suka ce lafiyayyen baligi ya tsaya a kai a yini guda. Ga mai juna biyu, hukumar Turai rabin haka ta ce. Suna ɗaya ke nan, venti, amma a wani abin sha ba ya ƙara ƙarfin gahawa ko kaɗan, a wani kuma yana kai mutum bakin iyaka.

Bari in ɗan ratse. Starbucks ɗin da ya san darajar suna har haka, shi ne ya shiga takaddama da ƙasar Habasha a 2006, lokacin da ta nemi mallakar sunayen gahawarta na Sidamo da Harar da Yirgacheffe a kasuwar duniya don manomanta su samu farashi mai kyau. Sai da ƙungiyar Oxfam ta tayar da ƙura kafin a sasanta a 2007.

Masu kare kamfanonin suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce ba a tilasta wa kowa ba, sunayen wani ɓangare ne na armashin wurin, kuma wanda ya buɗe manhajar kamfanin a waya zai ga awon kowane kofi a rubuce. Gaskiya ne. Sai dai mai tsaye a layi allo yake kallo, kuma ido kan fara sauka ne a kan abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe. Hukumomi sun riga sun nuna cewa ana iya sa baki a abin da allon zai ɗauka: tun 2018 Amurka ta wajabta wa gidajen abinci masu rassa 20 ko fiye su rubuta yawan kalori, wato awon kuzarin da ke cikin abinci, Ingila ma ta bi sahu a 2022 ga kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama. Idan an iya wannan, ban ga abin da zai hana a rubuta mililita nawa ne da awon gahawa nawa ne a gefen kowane farashi, da baƙaƙe masu girma ɗaya ba. Su riƙe sunayensu na Italiyanci in suna so.

Ko shi kamfanin ya fara jin cewa ƙare-ƙaren sun gundiri mutane. Brian Niccol, wanda ya karɓi shugabancin Starbucks a watan Satumban 2024 a lokacin da ciniki ke ja baya, ya soke ƙarin kuɗin da ake caji a Amurka da Kanada a kan madarar da ba ta saniya ba, ya kuma ce za a rage yawan abubuwan da ke kan allo. Sunayen kofunan dai bai taɓa su ba. Kuma kada wani ya ce allon ne ba shi da wurin da za a rubuta gajeren kofi, domin a rassan kamfanin na Japan, short na nan a rubuce a jerin farashi, shi ne na farko, kowa na ganinsa yana saye.