Kabarin da rana ke shiga sau ɗaya a shekara

Assalamu alaikum. Ana jina daga baya? To madalla. Abubuwa uku na ce zan taɓo, wurin da kansa, sai abin da aka tono a ciki, sai yadda ake ziyara, in lokaci ya bari, don na ga shugaban zama ya fara duba agogo tun ban fara ba.

Wurin sunansa Newgrange, a ƙasar Ireland yake, gefen kogin Boyne, arewa da Dublin. In ka hango shi daga nesa tudu ne kawai da ciyawa a kai, faɗinsa wajen mita 85, an kewaye gindinsa da manyan duwatsu 97. An gina shi wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya girmi dalar Giza ta Masar, ya girmi Stonehenge, da'irar manyan duwatsun nan ta Ingila. Mutanen da suka gina shi manoma ne, ba su da ƙarfe, ba su da amalanke, da dutse suke sassaƙa dutse. Farin dutsen da ke fuskar ginin ma daga tsaunukan Wicklow aka kwaso shi, can kudu da Dublin.

To amma ni abin da ya kai ni, taga ce. A saman ƙofar shiga akwai wata 'yar taga, in ba a nuna maka ba sai ka wuce. Bayan ƙofar akwai lungu siriri mai tsawon mita 19, wani wurin sai ka karkace kafaɗa, ni da tumbina kun san an sha fama, kuma lungun hawa yake yi a hankali har ka isa ɗakin da ke can ciki. Wannan hawan fa shi ne wayon. Hasken da ya shigo ta ƙofa ba ya kaiwa ciki, ƙasa ta tare shi, amma tagar an sa ta daidai da tsayin daɓen ɗakin. Sai wajen 21 ga Disamba, ranar da yini ya fi gajarta a can, rana na fitowa sai haske ya ratso ta tagar nan kamar zare, ya bi lungun, ya faɗa tsakiyar ɗaki, ya yi wajen minti 17 ya janye. Minti 17 fa! Ku tsaya ku yi tunani, shekara nawa mutum zai yi yana kallon inda rana ke ɓullowa kafin ya ce ga inda za a aza dutse? Ba takarda, ba biro. Kuma in ka kuskure ba a sake wa ginin zama. Farfesa Michael O'Kelly, wanda ya yi aikin tonon daga 1962 zuwa 1975, shi ya shiga shi kaɗai da asuba a 1967 ya ga abin da idonsa, don mutanen yankin sun daɗe suna cewa rana na shiga.

Na uku, a'a na biyu ko? Bari dai in faɗi rufin tukuna. Duwatsu aka jera, kowanne ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa har suka haɗe a sama aka rufe da faffaɗan dutse guda, kuma sun sassaƙa 'yan kwatoci a bayan duwatsun kamar indararo don ruwa ya gangare waje. Shekara 5000 a ƙasar da kullum ruwa ake yi, ɗakin bai yoyo. Ni kwanon gidana bana aka buga shi, kar ku tambaye ni.

Abin da aka samu kuwa, ƙasusuwan mutane, wasu an ƙona wasu ba a ƙona ba, da manyan kasake na dutse, da duwatsun wuya, da tsinkunan ƙashi. A waje kuma an tsinci sulallan Rumawa na zinare, waɗanda suka zo dubban shekaru daga baya. Ba yawa, don tun 1699 da leburori masu neman dutse suka buɗe ƙofar kowa ke shiga yana fita.

Ziyara kuma daga cibiyar baƙi ake ɗaukarku a bas, jagora ya kashe wuta ya kwaikwayi hasken da fitila. Na ainihin sai an yi ƙuri'a, kuma ko ka ci, gajimare na iya hana ka.

Na'am Malam? A miƙa masa makirfo. Yauwa, yana tambaya wai ko aljanu ne suka gina. Kada ku yi dariya, su kansu mutanen Ireland na dā haka suka ɗauka, a tatsuniyoyinsu tudun gidan wani ubangijinsu ne mai suna Dagda, kuma irin waɗannan tuddai ana jin tsoron taɓa su. Amma Malam, gurbin sassaƙar yana nan jikin dutsen, ɗis-ɗis, har da zanen nan mai murɗa uku a can ciki, in ka matso da fitila kana ganin inda kowane bugu ya sauka. Shugaba, minti biyu ka ce? To a ba wancan mai ɗaga hannu.