Sakan 20 kacal: yadda ake shirya wa jarrabawar AP ta Italiyanci da malamin lesin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa.

Ɗauki wayarka, ka saita agogo a kan sakan 20. In ya fara tafiya, gaya mini abin da ka yi ranar Asabar da ta wuce, da Hausa, kada ka tsaya har sai ya buga. Da sauƙi ko? To yanzu maimaita da Italiyanci, a ɗakin jarrabawa, abin sauraro a kunnenka, na'ura tana naɗar muryarka, ɗaliban da ke gefenka su ma kowa yana ta nasa surutun. Haka za ka yi sau biyar a jere. A nan ne ɗaliban da suka haddace nahawu kamar karatun allo sukan yi tsit.

Jarrabawar da muke magana a kanta sunanta AP Italian Language and Culture. Hukumar College Board ta Amurka ce ke shirya ta ga 'yan sakandire, a watan Mayu na kowace shekara, sakamako kuma ya fito a Yuli. Maki daga 1 zuwa 5 ne. Jami'o'i da dama a Amurka sukan yafe wa ɗalibi wasu darussan harshe in ya kawo 3, wasu kuwa sai 4 ko 5, don haka ka duba ƙa'idar jami'ar da kake hari tun da wuri. Iyayenmu da ke New York da New Jersey, inda jikokin Italiyawa suke da yawa kuma makarantu ke koyar da harshen, wannan bidiyon naku ne da yaranku.

Jarrabawar ma ta taɓa mutuwa ta dawo. An fara ta a 2006, aka dakatar bayan ta 2009 saboda ƙarancin masu zama, sai da gwamnatin Italiya da ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Italiya suka haɗa kuɗi, sannan ta dawo a 2012. Har yau masu zamanta dubu biyu ne da 'yan kai a shekara, alhali ta Sifaniyanci tana ɗibar sama da dubu 150. Abin da wannan ke nufi a wurinka shi ne littattafan shiri ba su da yawa a kasuwa, kuma makarantu da yawa ba su da ajin. Shi ya sa ake neman malamin lesin. In makarantarku ba ta shirya jarrabawar, tun farkon zangon karatu za ka nemi wata makarantar da za ta karɓe ka, domin a watan Nuwamba ake rufe rajista ta yau da kullum.

[A allo: kason maki]

Ga tsarin da aka daɗe ana bi. Rabin maki daga tambayoyin zaɓi 65 yake fitowa, wasu a kan rubutu, wasu a kan abin da za ka saurara, kuma sau biyu ake kunna kowace murya. Sauran rabin ayyuka huɗu ne masu nauyi ɗaya: amsar imel cikin minti 15, muƙalar kare ra'ayi, hirar nan ta sakan 20, da jawabin minti biyu na kwatanta al'adu. College Board takan yi wa tsarin kwaskwarima, saboda haka abu na farko da za ku yi da malaminka shi ne ku buɗe bayanin shekarar da za ka zauna, ku karanta tare.

Yanzu ga abin da ya sa na yi wannan bidiyo. Bahaushe yana shiga ajin Italiyanci da jari a aljihunsa, sau da yawa bai ma sani ba.

Faɗi "baba". Yanzu faɗi "babba". Ka ji yadda ka danne baƙin nan na tsakiya? Wannan dannewar ita ce ke ba Turawan Amurka wahala shekara da shekaru. A Italiyanci nono na tara ne, nonno kuwa kaka namiji. Sete ƙishirwa, sette bakwai. Capello gashi, cappello hula. Kunnenka ya riga ya san bambancin tun kana goye. Haka kaɗa harshe wurin furta r, kai ba sai an koya maka ba. Sannan jinsi: mun saba cewa mota ce, gida ne, kuma yawancin sunayen mata a Hausa da a suke ƙarewa. Italiyanci ma haka, la casa, la macchina. Sai dai a kula da 'yan tawaye irin su il problema da il programma, maza ne duk da a ɗin, la mano kuma mace ce.

Inda muke tuntuɓe kuwa sananne ne: p da f, sai b da v. Pila batir ne, fila layi ne. Bene lafiya lau, vene jijiyoyin jini. Malamin kirki zai sa ka riƙe takarda a gaban bakinka kana maimaita waɗannan har leɓɓanka su koyi haɗuwa su fashe a kan p. Minti biyar a farkon kowane darasi ya isa.

Har a nahawu akwai gada. Bambancin imperfetto da passato prossimo, wato siffofi biyu na aikatau da ake ba da labarin abin da ya wuce da su, yana rikita ɗalibai, amma saurari wannan: Mangiavo quando è arrivato. Ina cin abinci sai ya iso. "Ina ci" ɗin nan da ke shimfiɗe, shi ne na farko. "Ya iso" da ya faɗo a kansa, shi ne na biyu. Shi kenan fa.

To me za a yi da awa guda ta lesin, wadda iyaye suka biya da gumin goshinsu? Ra'ayina a nan ba ya da lauje cikin naɗi. Duk abin da za ka iya yi kai kaɗai, kada ka ɓata kuɗi a kansa. Haddar aikatau, karatun jarida, sauraron Rai Radio, gidan rediyon Italiya, a hanyar makaranta, duk naka ne. Abin da ba ka iya yi wa kanka shi ne jin kuskuren bakinka. Idan malami ya cinye minti 40 yana bayani da Ingilishi kai kana gyaɗa kai, canja malami. Tambaye shi tun ranar farko ko ya san ma'aunin da ake ba da maki da shi. Ba kowane haifaffen Roma ne ya san shi ba, kamar yadda ba kowane Bakano ne zai iya shirya ɗalibi ga jarrabawar Hausa ta WAEC ba. Tsofaffin tambayoyi da amsoshin ɗalibai na gaske, da bayanin dalilin makin da kowanne ya samu, suna nan kyauta a AP Central, shafin intanet na College Board. Ku saurari amsar da ta ci 5 da wadda ta ci 3, ku gano tazarar da kanku.

A hirar, masu ba da maki ba sa neman magana marar aibi. Suna son su ji ka amsa abin da aka tambaya, ka ƙara bayani, ka ci gaba har ƙarar ta katse ka. In ka yi kuskure ka gyara, ba laifi ba ne. Shiru ne ke kashe maki. Koyi kalmomin jan lokaci irin nasu, allora, dunque, beh, kamar yadda muke cewa "to", "wato", kafin tunani ya iso baki. Malam ya zama abokin hirar, agogo a hannunsa, ya naɗi muryarka, ku saurara tare. Ranar farko za ka ji kunyar muryarka. Kowa ma haka ya ji.

Imel ɗin kuwa, tarkonsa ladabi ne. Yadda ba za ka ce wa dattijo "kai" ba sai "ku", haka Italiyawa suke da Lei. Ka buɗe da Gentile signora, ka rufe da Cordiali saluti, ka amsa duk tambayoyin da ke ciki, sannan kai ma ka nemi ƙarin bayani a kan wani abu da aka ambata. Wannan na ƙarshen ɗalibai da yawa suna mantawa da shi, maki ya tafi a banza. Muƙala kuma tushe uku ake ba ka, rubutu da jadawali da murya, dole ka taɓo dukansu ka nuna daga inda ka ɗauko.

[A allo: dandalin Piazza del Campo, sannan mahaya a ƙofar fadar Kano]

Na bar wanda na fi so a ƙarshe. A kwatanta al'adu, minti huɗu ake ba ka na shiri, biyu na magana, ka gwada wata al'umma mai jin Italiyanci da taka al'ummar ko wata da ka sani. Ba dole ba ne ta zama ta Amurka. A ce tambayar a kan matsayin bukukuwan gargajiya ce. A birnin Siena ana sukuwar Palio sau biyu a shekara, 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Unguwanni 17 ne, goma ke shiga kowace sukuwa, a zagaya dandalin sau uku ba sirdi, cikin kamar minti ɗaya da rabi an gama. Kafin nan ana kai doki cocin unguwa a sa masa albarka, kuma ko mahayi ya faɗi, dokin zai iya cin gasar shi kaɗai. Ajiye wannan kusa da Hawan Daushe a Kano: dawakai da ado, kowane hakimi da tawagarsa, a zo a yi jahi gaban Sarki. Duka biyun doki ne da alfahari da asali, amma na Siena hamayya ce tsakanin unguwanni, namu kuwa gaisuwa ce da mubaya'a. Mai ba da maki ya ji kwatancen faretin 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, har ya gaji. Naka zai tashe shi zaune. Sai dai ka tabbata ɓangaren Italiya ya samu rabonsa, kada daɗin labarin gida ya cinye minti biyun.

Ku tanadi irin waɗannan misalai guda shida zuwa takwas da malaminka: iyali, abinci, makaranta, aiki, muhalli, fasahar zamani. Daga Janairu, kowane darasi a rufe shi da jawabi ɗaya na minti biyu, agogo na tafiya. A Afrilu ku yi cikakken gwaji na awa uku a zama ɗaya, da irin na'urar naɗar murya da makarantar za ta yi amfani da ita, domin kada ranar jarrabawa ta zama ranar farko da ka taɓa maɓallinta.

In kana da tambaya a kan congiuntivo, wato siffar aikatau ta nuna fata ko shakka, ajiye ta, shi ne darasinmu na gaba. Sai mun haɗu.