Na tsinci tanda a Tokyo

Jama'a, yau saura ƙiris in rangaɗa guɗa a cikin shagon mutane. Ku dubi abin da ke hannuna. Tanda ce wallahi, ta baƙin ƙarfe! Su Japanawa takoyaki suke soyawa a ciki, wani ƙulli da suke jefa wa naman dabbar tekun nan mai hannu takwas. Ni kuwa ina ɗora ido a kanta waina na gani. Gurabenta ƙanana ne, lomar yaro, amma shekara biyu rabona da waina, wa yake ta girma? Yen 2,800 na miƙa ko ƙiftawa ban yi ba.

Nan titin Kappabashi ne, tsakanin unguwannin Asakusa da Ueno. Na sauka daga jirgin layin Ginza a tashar Tawaramachi, 'yar tafiya kaɗan sai ga ƙaton kan kuku da farar hula a saman bene. Titin kamar mita 800, shago wajen 170, duk kayan girki zalla, kuma tun wajajen 1912 ake ciniki a nan. Ga abincin roba jere a gilashi, shinkafa har da maiƙon miya. Da Innata ta gani sai ta ce a rufe kar ƙuda ya hau.

Muciya fa na zo nema. Na zaga har ƙafata ta yi tsami, babu. Sai 'yan cokulan katako na kwasar shinkafa, wanda tuwon mutum uku zai karya shi. Kasuwar Kurmi, ina kewarki. Can ko kuɗinka bai kai ba a ce kawo, Allah ya sa albarka. Nan na buɗe baki zan taya, tsohon mai shagon ya yi murmushi ya nuna mini takardar farashi da yatsa.

Wuƙa kam na sallama musu. Mai shagon ya ɗora ta kan takarda, ta wuce sulu. Amma ku ji ni da kyau: wasunsu gefe guda aka wasa, don na dama. Bahagwai, ku tambaya kafin ku biya. Kar kuma ɗoki ya sa ku kwance ƙunshin a hanya, dokarsu ba ta wasa da yawo da wuƙa. Kar ku zo ran Lahadi, shaguna da yawa a rufe.

Bari in tafi, shinkafata na can a jiƙe tun safe. E, tun kafin in ga tandar. A kaskon suya na yi niyyar wahala.