Ciwon MS da allurar sitiroyid: abin da ya sa ake gwada suga da yamma

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu yi magana kan ciwon da likitoci ke kira MS, da wata matsala da ke biyo bayan maganinsa, wato hawan suga a jini.

MS ciwo ne da garkuwar jiki ke juyawa ta afka wa rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka da na ido, kamar wayar lantarki da roba ta zube mata. Saƙo sai ya daina wucewa daidai. Wani ya wayi gari ido ɗaya ya dusashe, wani ƙafa ta yi nauyi, wani hannu ya mutu. Idan sabuwar alama ta wuce awa 24 ba tare da zazzaɓi ko wata cuta ba, ana cewa ciwon ya tashi. A Kebbi da Zamfara, mai irin wannan alama yakan fara da babban asibitin tarayya na Birnin Kebbi ko na Gusau, wani lokaci a tura shi asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, inda likitan jijiya zai duba shi a kuma ɗauki hoton MRI, wato hoton na'ura da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka.

Idan tashin ya yi tsanani, maganin da aka saba bayarwa shi ne metilfirednisolon, sitiroyid mai ƙarfi: giram 1 a cikin ƙarin ruwa kullum na kwana 3 zuwa 5, ko ƙwaya miligiram 500 kullum na kwana 5. Yana kwantar da kumburi, yana gaggauta samun sauƙi, amma ba ya hana ciwon sake tashi. Wannan aikin wasu magunguna ne daban.

To, a nan suga ke shigowa. Sitiroyid yana sa hanta ta riƙa zuba suga cikin jini, kuma yana hana tsoka jin umarnin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, yadda ya kamata. Ko wanda bai taɓa yin ciwon suga ba, sugansa na iya hawa a waɗannan kwanaki. Mai ciwon suga, mai ƙiba, mai juna biyu, da wanda iyayensa ke da ciwon, su suka fi shiga haɗari.

Ku saurari wannan da kyau. Idan an yi allurar da safe, suga yakan fara hawa bayan la'asar ko kafin ta, ya kai ƙololuwa da yamma zuwa dare, sannan ya sauko kafin asuba. Saboda haka gwajin safe kafin karin kumallo, wanda mutanenmu suka fi yarda da shi, yana iya nuna lafiya lau alhali jiya da magariba suga ya yi sama sosai. A gwada awa 2 bayan abincin rana, ko kafin na dare. Idan na'ura ta nuna 200 a ma'aunin mg/dL, ko 11.1 a wadda ke amfani da ma'aunin mmol/L, ko sama da haka, a sanar da likita ranar nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda alamomin ke ɓuya. Suga mai yawa yana kawo gajiya, yawan fitsari, da dishi-dishin gani. MS ma yana kawo duka ukun. Ga zafin Maris zuwa Mayu a yankinmu, da ke wuce digiri 40, wanda shi kansa yana tayar da tsoffin alamomin MS na ɗan lokaci, kuma kowa na jin ƙishi. Sai iyali su ce ai maganin ne bai karɓe shi ba, ko ciwon ne ya ƙaru, alhali ɗigon jini daga yatsa zai raba gardama. Suga da ya daɗe a sama yana buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, musamman a mafitsara, ita kuma cutar mafitsara tana sake tayar da alamomin MS.

Maganin yana buɗe ciki, ga 'yan dubiya da lemon kwalba da fura mai sukari da kunun zaƙi. Don Allah a ɗaga musu ƙafa na ɗan lokaci. A sha ruwa sosai, a rage malmalar tuwo da tulin shinkafa, a ƙara wake, kifi, zogale da miyar ganye. Mai ciwon suga ya faɗa wa likita kafin allurar farko, domin ana iya ƙara masa magani ko a sa shi kan insulin na 'yan kwanaki. Idan kwanakin sun faɗo cikin azumi, a yi wannan shawara tun kafin a fara.

Kada tsoron suga ya sa a ƙi allurar. Ga yawancin mutane yana sauka cikin 'yan kwanaki bayan an gama. Kada kuma a je kemis a sayi deksametason, wanda ake kira sha-ka-fashe, a ci gaba da sha don an ji daɗinsa. Idan aka ga amai, ƙishi marar yankewa, ko mara lafiya ya fara ruɗewa da yawan barci, a kai shi asibiti nan take, ko da dare ne.