Takarda ko Waya: Yadda Dattawanmu Za Su Kiyaye Lokacin Shan Magani

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Iyayena maza da mata, malamaina da 'yan'uwana, ina godiya da wannan dama da aka ba ni. An nemi in yi bayani a kan abin da ya fi dacewa dattijo ya dogara da shi wajen tuna al'amuransa na yau da kullum, wato ko rubutu a takarda ko kuma wayar zamani. Zan taƙaita maganata a kan shan magani, domin a nan ne mantuwa take da tsada, musamman ga masu hawan jini da masu ciwon suga, waɗanda maganinsu ba na mako ɗaya ba ne, na tsawon rayuwa ne. A shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto wanda ya nuna cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kimanin rabin masu irin waɗannan cututtuka ne kawai suke shan maganinsu yadda likita ya tsara. Dalilan suna da yawa, akwai tsadar magani, akwai gajiya da haɗiyar ƙwaya, amma mantuwa tana cikin manyansu.

Kafin mu kwatanta takarda da waya, ya kamata mu san irin mantuwar da muke magana a kanta. Dattijon da zai ba ka labarin fari da yunwar 1973 dalla-dalla, har da sunan wanda ya sayar masa da tiyar gero, shi ne kuma zai manta ko ya sha maganinsa na safe. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin tuna abin da ya wuce daban, tuna abin da mutum ya ƙudurta zai yi nan gaba daban. Masana halayyar ɗan Adam, musamman Gilles Einstein da Mark McDaniel na Amurka waɗanda suka duƙufa a kan wannan fanni tun daga 1990, sun raba nau'i na biyun gida biyu. Akwai aikin da aka ɗaure shi da agogo, kamar a ce ka sha magani da ƙarfe takwas, akwai kuma wanda aka ɗaure shi da faruwar wani abu, kamar a ce ka sha magani idan ka idar da sallar Asuba. Na farkon ya fi wahala ga mai shekaru, saboda babu abin da zai taɓa shi ya ce masa lokaci ya yi, sai dai shi da kansa ya riƙa duba agogo. Na biyun ya fi sauƙi, domin abin da zai tuna masa yana zuwa ya same shi.

Akwai wani abu da binciken masana ya gano wanda nake so matasan da ke wurin nan su saurara da kyau. Idan aka gwada tsofaffi da matasa a ɗakin bincike, a gaban kwamfuta, matasa ne suke yin fice. Amma idan aka sallame su gida aka ce kowa ya bugo waya a rana kaza da lokaci kaza, sau da yawa tsofaffin ne suke cika alkawari fiye da matasan. Daga cikin dalilan da ake bayarwa akwai cewa dattijo ya san ƙwaƙwalwarsa, ba ya yarda da ita ita kaɗai, yana rubutawa, yana ajiye abu inda idonsa zai faɗa a kai, kuma ranarsa a tsare take. Saboda haka idan muka zo wa iyayenmu da waya, mu sani cewa ba filin banza muka tarar ba, mun tarar da tsarin da suka daɗe suna aiki da shi.

Takarda tsohuwar abokiyar tafiyarmu ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani ajali, kuma tun kafin Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, fatake da malamai suna ajiye lissafinsu da wasiƙunsu cikin ajami. Na kawo wannan ne saboda yana da nasaba kai tsaye da batunmu. Dattawa da yawa da muke cewa ba su iya karatu ba, boko ne ba su iya ba, amma suna karanta ajami sarai. Takarda tana karɓar ajami, tana karɓar boko, tana karɓar zane. Ma'aikacin kemis da yake ja wa tsohuwa layi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare a jikin ledar magani ya fahimci wannan. Takarda ba ta buƙatar caji, ba ta buƙatar data, ana iya yin rubutun da girma yadda mai raunin gani zai karanta, kuma idan aka manna ta a bango kusa da randa ko kusa da dardumar sallah, kowa a gidan yana ganinta, har jikar da ke kai wa kaka abinci.

Rauninta ɗaya ne babba, shi ne ba ta magana. Idan ba ka je wurinta ba, ba za ta zo wurinka ba. Takardar da aka linke aka saka a aljihun babbar riga za ta iya tafiya wurin wanki, wadda kuma ta daɗe a bango ido yakan saba da ita har ya daina ganinta. Sannan idan likita ya canza magani ba a sauke tsohuwar takardar ba, sai ta koma abin haɗari.

Waya kuwa sabuwar baƙuwa ce. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Najeriya, wanda ke nufin mai shekara 75 a yau ya kai hamsin ko ya kusa kafin ya fara riƙe waya, kuma babbar waya mai allon shafawa ta zo masa ne shekaru da dama bayan haka. Falalarta ita ce daidai abin da takarda ta rasa: tana kira. Ƙararrawarta tana mayar da aikin da aka ɗaure da agogo ya zama aikin da aka ɗaure da faruwar wani abu, kuma kamar yadda na faɗa, wannan shi ne nau'in da ya fi sauƙi. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ya buɗe ƙofa ga wanda ba ya karanta boko, ta yadda 'yar da ke aure a Kaduna za ta iya tuna wa mahaifiyarta da ke Gumel cewa gobe ce ranar komawa asibiti, da muryarta kuma da Hausa.

Sai dai jikin mai shekaru yana da nasa hukunci a kan waya. Tun daga shekara arba'in da 'yan kai ido yake fara kasa ganin ƙananan rubutu na kusa, daga baya kuma yanar ido takan shigo. Kunne yana fara rasa sirirun sautuka ne kafin masu kauri, kuma yawancin ƙararrawar waya siririn sauti ce, shi ya sa za ka ji waya tana ta kuka a ɗaki Baba yana zaune bai motsa ba. Allon shafawa yana aiki ne da ɗan lantarkin da ke ratsa fatar yatsa, don haka busasshiyar fata, balle a lokacin hunturu, takan sa a taɓa allon ya ƙi amsawa, mai karkarwar hannu kuma ya taɓa inda bai nufa ba. A ƙara da matsalar wuta, wadda ba sai na yi wa kowa bayaninta ba.

Ni kaina na yi wannan kuskure da mahaifina. Na saya masa babbar waya, na saka masa ƙararrawa biyu, ta safe da ta yamma, na koma bakin aikina ina ganin na sauke nauyi. Da na dawo bayan wata guda, sai na tarar kusan kullum da yamma wayar tana shagon mai caji a bakin titi, a can take kukanta, da safe kuma idan ta yi ƙara yakan kashe ta da niyyar ya sha maganin bayan ya karya, sai baƙi su shigo zaure maganar ta bi ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da ya ce mini bai tabbata ko ya sha ba, saboda haka ya ƙara sha. Laifin nawa ne, domin ban zauna na tambaye shi yadda yake tafiyar da ranarsa ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan tambaya ta "na sha ko ban sha ba" ita ce ake yawan mantawa da ita, kuma a ganina ta fi sauran muhimmanci. Ƙararrawa tana gaya maka lokaci ya yi, amma ba ta ajiye shaidar cewa ka aikata. Ga mai ciwon suga da yake shan irin maganin da ake kira glibenclamide, ninka ƙwaya yana iya sa sugan jini ya faɗi ƙasa sosai har mutum ya suma, ga mai hawan jini kuma yana iya kawo jiri da faɗuwa, kuma faɗuwar tsoho tana iya jawo karayar ƙugu. Abin da yake amsa wannan tambaya shi ne alamar da aka yi da hannu: takarda mai gidajen kwanaki wadda ake soke gida ɗaya da biro da zarar an haɗiye ƙwayar, ko kuma ɗan akwatin magani mai gida bakwai na kwanakin mako, wanda idan ka ga gidan Talata babu komai ka san an sha na Talata.

Saboda haka ra'ayina shi ne aikin kashi uku ne, kuma babu kayan aiki ɗaya da yake ɗaukar ukun duka. Sanin wane magani da adadinsa aikin takarda ne, a rubuta da manyan baƙaƙe cikin rubutun da mai shan maganin yake karantawa da kansa, ajami ko boko. Sanin an sha aikin biro ne ko akwatin kwanaki. Sanin lokaci kuwa shi ne inda dattijo yake da zaɓi na gaske, kuma a nan muna da abin da mutanen wasu ƙasashe ba su da shi, wato kiran sallah sau biyar a rana, wanda ba ya jiran caji. Tsakanin Asuba da Magariba a yankinmu akwai kimanin awa goma sha uku, don haka maganin da ake sha sau biyu a rana yakan iya zama a kansu idan likita ya amince, a ajiye shi kusa da carbi. Amma maganin da aka ce a sha duk bayan awa takwas ba ya daidaita da lokutan sallah, a nan ƙararrawar waya ta fi amfani, kuma ƙaramar waya mai madannai, wadda cajinta yake kwanaki, takan yi wannan aiki fiye da babbar. Wanda kuma aka ce a sha shi tare da abinci, kamar metformin, a ɗaure shi da kwanon abincin. Idan azumi ya gabato, a koma wurin likita tun cikin Sha'aban ya sake tsara lokutan a kan sahur da buɗa-baki, a sauke tsohuwar takarda a rubuta sabuwa, a gyara ƙararrawa.

Ga 'ya'ya da jikoki da za su saka wa iyaye ƙararrawa, ina roƙon ku zaɓi sauti mai kauri, ku ƙara girman rubutun allon, ku bar Baba ko Inna su kashe ta su kunna ta da hannunsu a gabanku sau da yawa har sai hannun ya saba. Kada a rubuta lambar sirri ta banki a takardar magani, kuma a jaddada musu cewa duk wanda ya bugo yana neman lambar BVN ko lambar da aka turo ta saƙo, a kashe wayar a kira ɗaya daga cikin 'ya'ya. Idan kuma kuka lura mantuwar ta wuce ta magani, ta kai dattijo yana ɓata a hanyar masallacin unguwarsu ko yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama ɗaya, to a kai shi asibiti a duba shi, kuma daga ranar wani a gidan ya karɓi ragamar ba shi maganin hannu da hannu.

A gidanmu yanzu takardar mahaifina da ajami take, ƙanena ne ya rubuta ta, tana manne a ƙofar ɗakinsa da biro ɗaure da zare a gefenta, ni kuma ina kiransa bayan Magariba in tambaye shi ko ya soke gidan yau. A nan zan dakata domin a ba iyayenmu dama su yi tambaya. Wassalamu alaikum warahmatullah.