In Gandiroba Ya Ajiye Makulli, Wa Zai Buɗe Ƙofa?

Assalamu alaikum, masu kallo. Ranar 17 ga Fabrairun 2025, gandirobobi a jihar New York ta Amurka suka fara ajiye makullai suna fitowa bakin ƙofa suna tsayawa. Kafin a ankara, yajin aikin ya bazu zuwa mafi yawan gidajen yarin jihar. Kukansu: ma'aikata sun yi kaɗan, ana tilasta wa mutum ya yi awa 24 a bakin aiki bai ga iyalinsa ba, ga hare-hare daga fursunoni. Gwamna Kathy Hochul ta turo dubban dakarun tsaron jiha su riƙe gidajen. Aka kwana 22 ana ja-in-ja, wasu fursunoni suka mutu a tsakanin, daga ƙarshe aka kori ma'aikata fiye da 2,000 da suka ƙi komawa.

To, can ke nan. Mu dawo gida. Shin haka na iya faruwa a Wudil, ko Gumel, ko Haɗejiya, ko Kazaure?

A takarda dai, a'a. Sashe na 11 na dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya ya lissafa waɗanda ba su da damar kafa ƙungiya ko shiga cikinta: sojoji, 'yan sanda, kwastam, ma'aikatan shige da fice, da ma'aikatan gidan yari. Malamin makaranta yana da ƙungiyarsa, likita yana da tasa, direban tanka ma in ya yi fushi sai ƙasa ta ji a jikinta. Gandiroba ba shi da kowa. In ya ce ba zai fito aiki ba, ba a kiran wannan yajin aiki, bijire wa umarni ake ce masa, kuma hukuncinsa na iya kai wa ga tuɓe kaki.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, a yi mata adalci. Ku dubi abin da rana ɗaya ta ƙunsa a ƙaramin gidan yari na karkara. Da sassafe mai gadin dare ba zai tafi gida ba sai an yi ƙidaya: a bi ɗaki-ɗaki, a ƙirga kawuna, a gwada da abin da ke rubuce a littafi. In mutum ɗaya ya yi ƙasa, babu mai motsawa. Sannan a buɗe ɗakuna, a fitar da bokitan dare, a raka masu ɗebo ruwa, a sa ido a kan masu tuƙa gabza a kicin. Wani ya kwana da zazzaɓi, a kai shi wurin mai duba marasa lafiya. Wasu biyar suna da zaman kotu yau, sai an nemi mota da mai da 'yan rakiya. Masu ziyara sun fara taruwa a gindin bishiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, hannun mai makulli yake jira. In ya ajiye, ba gwamna zai fara jin zafi ba, ba minista ba. Wanda ke kulle a ɗaki tun la'asar ɗin jiya, da mutum arba'in a wurin da aka gina don goma, a watan Afrilu da wutar lantarki babu, shi zai fara ji.

Shi ya sa ƙasashe da yawa suka haramta. Ingila ta hana tun 1994. Amma hanin bai hana ba: a watan Agustan 2007 gandirobobin Ingila da Wales sun fita a kan albashi, a Nuwamban 2016 kuma kusan 10,000 suka sake fita a kan tsaron lafiyarsu, sai da kotu ta ce su koma. A Beljiyam a 2016 sojoji aka shigar gidajen yari. A Kenya a watan Afrilun 2008 gandirobobi sun yi nasu a kan kuɗi da munin gidajen da ake ajiye su. Kuma kada a ce namu masu kaki ba sa iyawa. A Fabrairun 2002, zamanin Obasanjo, ƙananan 'yan sandan Najeriya sun yi yajin aiki a kan haƙƙoƙinsu da aka riƙe, bayan 'yan makonni kuma Sufeto Janar Musiliu Smith ya rasa kujerarsa. Su ma doka ta hana su.

Me ke damun gandiroban namu? In ka zauna da su a majalisa bayan sallar isha, maganar ba ta wuce huɗu zuwa biyar. Albashi ba ya kai wata. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, amma a shekarar ta 2024 buhun shinkafa ya haura wannan kuɗin a kasuwanni da dama, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 ya riga ya ninka kuɗin mota. Ƙarin girma ya makale, in ya zo kuma kuɗinsa ya biyo baya da jan ƙafa. Bariki babu, ko akwai amma rufin yana yoyo, sai mutum ya kama haya a cikin gari, wataƙila ma a layin su wanda yake tsare da shi. Ku ɗan tsaya a kan wannan. A birni gandiroba yana cire kaki ya ɓace cikin jama'a. A ƙaramar hukuma kuwa kowa ya san gidansa, ya san makarantar allon da 'ya'yansa ke zuwa, ya san mai shagon da yake karɓar bashi a wurinsa. In an ce masa "Oga, a taimaka wa yaronmu", ba baƙo ne ke faɗa ba.

Sai hatsarin aikin. A Afrilun 2021 'yan bindiga suka fasa gidan yarin Owerri, fursunoni fiye da 1,800 suka gudu. Ranar 5 ga Yulin 2022 aka kai hari Kuje, a bakin Abuja, fiye da 800 suka fice, ƙungiyar ISWAP ta ce ita ce. A Afrilun 2024 ba ma ɗan bindiga ba, ruwan sama ne ya rusa katangar Suleja, sama da mutum 100 suka tsere. A Satumban shekarar ambaliyar Maiduguri ta buɗe wa fiye da 270 hanya. Duk lokacin da haka ta faru, wa ake fara tuhuma? Wanda ke bakin aiki a daren, ba wanda ya ƙi gyara katangar da Turawa suka bari ba. Gidan yarin Kurmawa na cikin birnin Kano tun 1910 yake.

Ga kuma wani lissafi da ya tayar da ƙura. A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin majalisar dattawa cewa naira 750 ake ware wa cin fursuna ɗaya a rana, karen tsaro kuma 800. A 2024 aka ɗaga na fursuna zuwa 1,125. Raba wannan gida uku, ka cire ribar ɗan kwangila. Ba gandiroba ya yanka kuɗin ba, amma shi ke tsayawa gaban mutane masu yunwa da kwanon a hannu, shi ke shan zagin.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka, kai da ba ka taɓa sa kaki ba. Mutumin da aka toshe wa hanyar kai kuka, kukan ba ya ɓacewa, wata ƙofa yake nema. Ƙofar da ta fi kusa ita ce wadda masu ziyara ke bi.

Ku kalli dattijuwar nan. Ta taso daga ƙauye tun asuba, ta biya ɗan acaɓa zuwa bakin titi, ta shiga motar kasuwa. A ƙullinta akwai garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sabulu da 'yar fura. Ɗanta yana ciki kan rigimar gona, ba a yanke masa hukunci ba, jiran shari'a yake. A bakin ƙofa za a kwance ƙullin a duba, a ce ta ɗanɗana abincin da bakinta, wannan ƙa'ida ce kuma daidai ne. Abin da ba ƙa'ida ba shi ne in aka ce "Baba, ba ɗan na ruwa?" Ko a ce ranar kotu ta zo amma mota ba mai, sai dangi sun haɗa. In ba a haɗa ba, alƙali ya ɗage zama, yaro ya ƙara wata guda ko biyu. Ba duk gandiroba ke yin haka ba, akwai waɗanda ke cire na aljihunsu su saya wa fursuna magani, kuma mutanen gari sun san su. Cin hanci haramun ne ko da albashi ko babu. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gwamnatin da ta bar mai makulli da yunwa ta san sarai wa zai biya cikon.

Kuma irin ɗan dattijuwar nan su ne suka fi yawa. Cikin mutum sama da 70,000 da ke tsare a ƙasar nan, kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke yi. Mun ma ɗanɗana abin da yajin aiki ke yi musu, ko da ba na gandirobobi ba: daga Afrilu zuwa Yunin 2021 ma'aikatan kotuna na ƙungiyar JUSUN sun rufe kotuna fiye da wata biyu. Ba beli, ba shari'a, wanda ke ciki ya ci gaba da zama.

An yi gyara a takarda, ba a ce ba a yi ba. A Agustan 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da hukumar ta gidajen gyaran hali. Dokar ta kawo hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima, don kada ɓarawon akuya ya cika ɗaki. Sashe na 12 ya ma ba jami'an hukumar ikon sanar da babban jojin jiha in gida ya cika, in kuma wa'adi ya wuce ba a rage ba, su ƙi karɓar sabon fursuna. Wannan kusan shi ne kaɗai "a'a" da doka ta yarje wa mai kakin nan ya furta, sai dai ƙaramin jami'in da zai mayar da motar 'yan sanda daga bakin ƙofa sai ya shirya. A Janguza, hanyar Gwarzo, an gina sabon gida mai cin mutum 3,000. A Nuwamban 2023 ministan cikin gida Olubunmi Tunji-Ojo ya ƙaddamar da sakin mutum 4,068 da tara kawai ta riƙe su. Duk wannan yana rage wa gandiroba nauyi, amma ba ya ba shi bakin magana. Ko ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015, masu sunan Mandela, sun ce albashin ma'aikacin gidan yari ya zama wanda zai jawo mutanen kirki ya kuma riƙe su. In ba za a bar su su yi yaji ba, to a ba su majalisar da za ta zauna da gwamnati a kan albashi, wadda in ta yanke magana sai an bi. Hani ba tare da wannan ba, zalunci ne.

Akwai kuma abin da ke tafe. Kakanninmu sun san lokacin da gidan yari na Sarki ne da En'e, Yari da dogarai ke riƙe da shi, har zuwa 1968 da gwamnatin tarayya ta karɓe duka. A Maris ɗin 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Ma'ana, Kano ko Jigawa na iya gina nata, ta ɗauki nata gandirobobin. Ranar da aka kawo wannan ƙudiri majalisar dokokin jiha, za a nuna muku zanen gini da tsayin katanga. Ku tambayi ɗan majalisarku nawa za a biya mai riƙe makullin, daga wane asusu, kuma in aka yi wata uku ba a biya shi ba, wurin wa zai kai ƙara.